Ɗigon Nono

SHAFI NA 17

Jama'a barkanku da warhaka. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce na sa miyarta ta ƙone jiya. Ki yafe ni, ni ma ba da son raina nake sa ku kuka ba. Masu zagin Hajiya Ni'imat kuma ku sassauta, na yi maƙwabtaka da irinta a nan Asyut ta ƙasar Masar shekara da shekaru, tsoro ne ke sa su abin da suke yi. Bismillah.

*

Na'urar tatsa ta yi ta gurnani har ta ɗauki zafi, amma abin da ya taru a gindin robar bai cika cokali biyu ba. Sabrin ta ɗaga robar ta haska a taga, ta karkata ta gefe, wai ko ta haka zai ƙaru. Ina. Ta rufe murfin a hankali, ta gyara rigarta ta fito.

Da gangan take zuwa ɗakin tatsar asibitin lokacin da babu kowa. Sauran masu jegon kan cika roba biyu suna hirar tsadar albasa, wata har mita take yi wai nono ya jiƙa mata riga. Ita kuwa tun da aka yi mata aiki aka ciro ɗanta Iyad bakwaini aka sa shi a kwalba, ƙirjinta ya ƙi kawowa sai ɗigo-ɗigo. Ga shi likita ya faɗa musu ba kwana-kwana tun ranar da madarar gwangwani ta kumbura wa yaron hanji, cewa nonon mace kaɗai cikinsa zai ɗauka. In ciwon ya dawo sai wuƙa, yaron kuwa bai kai nauyin 'yar kaza ba.

Ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin jarirai, Sista Mirfat ta leƙo.

"Yau ma kaɗan ne, Sista."

"Kawo, maman Iyad. Allah ya sa albarka."

"Ya ƙaru a sikeli?"

"Ya ƙaru."

"Da wannan ɗan abin?"

Sista Mirfat ta dubi robar, ta dubi agogon bango, amma ba ta yarda ta dubi Sabrin ba.

"Mijinki bai iso ba?"

"Bai iso ba. Lafiya?"

"Lafiya lau. In ya zo ki ce ina nemansa kafin azahar."

Ƙofa ta rufe. Sabrin ta koma wurin tsayuwarta na kullum, jikin gilashin da ya raba iyaye da 'ya'yansu. Daga nan tana hango shi, ɗan jajir, da siririn tiyo a hanci, ƙirjinsa na ɗagawa da sauri-sauri. Har yau ba ta taɓa rungume shi ba. Wasu ke yi masa wanka, wasu ke juya shi, wasu ke jin kukansa. Abu ɗaya tal ya rage mata na uwa, shi ne ɗigon nan da take kawowa. Mijinta Midhat ya ce mata cikin bakwaini bai fi ƙwayar dabino ba, cokali biyu ya ishe shi, ta kuwa riƙe maganar hannu bibbiyu.

Kaɗaici ya yi mata yawa a wannan baranda, gaskiya ke nan. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, 'yan'uwanta suna can Dumyat bakin teku, sai dai su bugo waya su ce Allah ya ba shi lafiya su kashe. Kyandir da rariyar da aka saya don shagalin kwana bakwai irin na al'adar Masar suna nan a leda saman sif, babu mai zancensu. Midhat kuma da suke hira har abinci ya huce, yanzu in ta yi masa magana takalminsa yake amsa wa. Ta gama yanke wa ranta cewa haushinta yake ji, don ta kasa riƙe masa ɗa a ciki, ta kuma kasa ciyar da shi a waje.

"Ke, rabu da jikin gilashin nan, kin zama ƙadangaruwa."

Ko ba ta juya ba ta san muryar. Hajiya Ni'imat ce, uwar mijinta, tana haki saboda hawan bene, kwando a hannu ɗaya, fulas a ɗayan.

"Sannu da zuwa, Mama."

"Zauna. Mugat ne, kunun masu jego, da man shanu da gyaɗa na dama shi. Ki shanye tas."

"Mama, na sha hulba har zufata warinta take yi."

"Ai sai ki yi ta yi. Nawa kika samu yau?"

Sabrin ta kawar da kai.

"Na sani." Hajiya ta zauna, benci ya yi ƙara. Ta matso da bakinta kusa. "Jiya na je wurin tsohuwar da ta karɓi haihuwar Midhat. Ko gama bayani ban yi ba ta ce mushahara ce. An shigo miki."

"An shigo mini kamar yaya?"

"Ku 'yan bakin teku ba ku san komai ba sai soya kifi. Mai jego, kafin sabon wata ya tsaya, ba a shigo mata da ɗanyen nama, ba a shigo mata da baƙin yalo. Wanda ya yi sabon aski ba ya shigo mata. Wanda ya dawo daga maƙabarta ba ya shigo mata. In aka yi, nono ya ƙafe ke nan."

"Mama, likita ya ce damuwa ce da kuma aikin da aka yi mini."

"Likita ya taɓa shayarwa? Ki saurare ni. Na hana Midhat aski, kin ga fuskarsa kamar wanda ya fito daga kurkuku. Nama ban bari ya ƙetare mana ƙofa ba. Yalo ko a kasuwa kauce masa nake yi. Saura me?"

Ta nuna ƙarshen barandar da haɓa.

Atiyat na zaune can a bakin benci na ƙarshe, cikin baƙaƙen kaya, da jakar leda a kan cinyarta ta rungume da hannu biyu. 'Yar wani ƙauye ce a ƙetaren kogi. Ta daɗe tana neman haihuwa, da Allah ya ba ta sai ya zo bakwaini, aka ajiye shi a kwalbar da ke kusa da ta Iyad. Ita ta koya wa Sabrin yadda ake riƙe na'urar tatsa, ita ke raba gurasarta da cuku biyu ta tura mata rabi. Sai nata ɗan ya koma. Kowa ya ɗauka ba za a ƙara ganinta ba, amma kullum hantsi sai ga ta da jakarta, ta zauna ba ta ce wa kowa uffan. Matan barandar suka ce baƙin ciki ya taɓa mata kai, suka riƙa janye jiki suna barin mata benci.

"Ki faɗa mini gaskiya," in ji Hajiya. "Bayan sun binne yaron, ta shigo inda kike?"

Sabrin ta tuna. Washegarin jana'izar Atiyat ta ɗaga labulen ɗakin tatsa, ta rungume ta, suka yi kuka tare.

"Ta shigo."

"Ta taɓa ki?"

"Mama, camfi ne wannan."

"Na ce ta taɓa ki?"

"Ta rungume ni."

Hajiya ta ajiye kofin mugat ta miƙe. Da Sabrin ta so, da ta riƙo mata hannu. Ba ta riƙo ba. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, ita kuwa ta gaji da zama mai laifi ita kaɗai. Can ƙasan ranta ta ji sanyi da aka ce laifin na wata ne, ta tashi ta bi bayan tsohuwar.

"Ke baiwar Allah."

Atiyat ta ɗago, ta yi yunƙurin tashi. "Ina kwana, Hajiya. Ya mai jiki?"

"Mai jiki yana inda kika sa shi. Me kike nema a nan?"

"Jira nake yi."

"Jiran wa? Naki ya tafi, Allah ya jiƙansa ya sa mai ceto ne. To zaman me kuma? Nan gidan makoki ne?"

Hirar barandar ta ɗauke. Mata suka juyo, wani dattijo ya dakata da jan carbinsa.

"Ban tare wa kowa hanya ba, Hajiya."

"Kin tare. Kin kwaso ƙasar maƙabarta a ƙafarki kin shigar wa yarinya mai ɗanyen jego. Ke ba 'yar ƙauye ba ce? Ba ki san mushahara ba? Ko don naki ya tafi kike so na kowa ya bi shi?"

Atiyat ta girgiza kai. "Allah ya kiyaye. Wallahi ban yi tunanin haka ba, zafi ne ya kai ni wurinta."

"Mene ne a jakar nan da kike runguma kullum?"

"Ba komai."

"Ba komai ake riƙe wa haka? Kawo."

"Hajiya, ki yi wa girman Allah."

Tsohuwa ce amma hannunta na murɗe wuyan agwagwa ne. Fizga ɗaya ta yi jakar ta dawo wurinta. Ta zaro tawul jiƙaƙƙe da ƙanƙara a ciki, ta warware. Robobi uku ne cike taf da nono, fari sol, har da maiƙo a sama.

Sabrin ta ji wani abu ya soke ta a ƙirji. Hassada ce, ba sai an sakaya ba. Abin da take kwana tana roƙo ga shi a hannun wadda ba ta da mai sha.

"Innalillahi," in ji Hajiya, muryarta ta yi ƙasa. "Nonon mamaci kike yawo da shi a ƙofar ɗakin jarirai? Kun gani ko, jama'a? Nata na zuba, na surukata ya ƙafe. Sai a ce mini camfi."

"Kada ki zubar." Atiyat ta miƙe tsaye. "Ki zage ni, ki kore ni, na yarda. Amma kada ki zubar, ba nawa ba ne."

"Na uban wa ne?"

"Na yi alkawari ba zan faɗa ba."

"Alkawari da wa? Da boka?"

Akwai wurin wanke hannu a kusurwar barandar. Hajiya ta nufe shi tana buɗe murfin ta farko. Atiyat ta juyo ta dubi Sabrin, idonta ya cika.

"Maman Iyad, ƙanwata, ki ce mata ta bari."

Kowa ya juyo yana kallon Sabrin. Kalma ɗaya ake nema a bakinta. Ta buɗe baki, ta dubi robobin nan cikakku, sai ta sunkuyar da kai tana kallon silifas ɗinta.

Ta ji ƙarar zubarsa. Ta farko, ta biyu, ta uku, sannan Hajiya ta kunna famfo ta bi da ruwa tana karanta Falaƙi da Nasi.

Atiyat ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafinta, ta bi ta gaban Sabrin, ta sauka ta matakala. Ko tawul ɗin ba ta ɗauka ba.

"Alhamdulillahi," in ji Hajiya tana yarfe hannu. "Gobe war haka za ki ga nono har ki rasa inda za ki sa shi. Zo ki shanye mugat ɗinki kada ya yi sanyi."

Sabrin ba ta kai ga kofin ba lif ya buɗe, Midhat ya fito jiƙe da gumi, gemu buzu-buzu. Bai gaida kowa ba, benci na ƙarshe ya fara dubawa.

"Gada ce ta cushe, mota ta kife," ya faɗa ba tare da an tambaye shi ba. "Ba ku ga wata mata a nan ba, mai baƙaƙen kaya?"

"Na gan ta, na kuma yi maganinta," in ji Hajiya.

Sai idonsa ya faɗa kan robobin da ke kife a wurin wanke hannu. Ya taka a hankali ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ɗigo ɗaya ya gangaro masa a yatsa.

"Umma, wa ya zubar da wannan?"

"Ni. Ita ce ta ƙafar wa matarka nono, take kuma yawo da—"

"Umma." Bai ɗaga murya ba, amma tsohuwar ta yi shiru. "Abincin Iyad kika zubar."

Fanka na ta juyawa a sama. Sabrin ta ji maganar, amma ta ƙi shiga kanta.

"Me ka ce?"

Ya juyo. Rabon da ya kalli tsakiyar idonta har ta manta.

"Sabrin, mu je gefe."

"Ba inda za ni. A nan aka yi komai, a nan za ka faɗa. Abincin wa?"

"Nonon Atiyat yake sha."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan rasuwar ɗanta."

"Ƙarya kake yi. Ni nake kawo masa. Kai da bakinka ka ce cikinsa bai fi dabino ba."

"A farko haka ne. Daga baya ya fara neman ƙari, naki bai kai ba. Likita ya kira ni ya ce ko a samo mai shayarwa, ko a koma madara a yi ta addu'a. Na fito na zauna a matakala ban san inda zan sa kaina ba. A nan ta same ni. Ta ce ƙirjinta ya cika yana mata zogi, wanda aka yi domin shi kuma ya tafi, in muna so ta ba Iyad. Aka gwada jininta, likita ya amince. Kullum a matakala nake karɓa in miƙa wa Sista, yau ne na makara."

"Likita ya sani, Sista ta sani, ita ta sani, kai ka sani." Sabrin na lissafawa da yatsu. "Sai uwar yaron ce ba ta sani ba."

"Likita ya ce in faɗa miki. Kullum da niyyar na faɗa nake zuwa."

"Me ya hana ka?"

"Ke."

"Ni?"

"In kin fito daga ɗakin can da 'yar robarki, aka ce miki ya ƙaru a sikeli, murmushi kike yi. Shi kaɗai ya rage miki, Sabrin. In sa hannu in ƙwace? Na kasa. Na roƙi matar ta rufa mini asiri, shi ya sa ko idonki ba na iya kallo."

Ashe ba haushinta yake ji ba. Da jiya ta ji wannan da ta yi barci mai daɗi, yau kuwa ba ta ma san inda za ta ajiye shi ba.

"Ka bar ni ina yawo da cokali biyu ina taƙama, mutane na kallona suna tausayi."

"Ba wanda ya—"

"Ka bar ni na tsaya kamar gunki ana wulaƙanta matar da ke ciyar da ɗana."

Hajiya ta samu bakinta. "Tsaya, tsaya. Midhat, kana nufin ka yi wa jikana wata uwa ba da sanina ba? Ka san abin da ka ɗauko? Ya sha ya ƙoshi fiye da sau biyar, shi ke nan ta zama uwarsa, mijinta ubansa, duk abin da za ta haifa ƙannensa ne. Mutanen da ko sunan kakansu ba mu sani ba."

"Umma, ya rayu tukuna, sai mu zauna mu ƙirga dangi."

"Da ka yi shawara da ni—"

"Da kin ce nonon mamaci ne. Ga shi kin faɗa ai."

Tsohuwar ta nemi benci ta zauna daɓas. Ta dubi hannayenta, har yanzu da danshi.

Ƙofar ɗakin jarirai ta buɗe, Sista Mirfat ta fito. Kallo ɗaya ta yi wa robar da ke hannun Midhat ta gane.

"Duka?"

"Duka."

"Na firji ya ƙare tun safe, baban Iyad. Da azahar zai ci."

Sabrin ta matso. "Sista, nawa fa? Wanda nake kawowa, zubarwa kuke yi?"

"Haba, maman Iyad. Naki muke fara ba shi, sannan a cika da nata. Ko ɗigo ba mu taɓa yarwa ba. Amma shi kaɗai ba zai kai shi la'asar ba."

"To ga mata nan cike da baranda," in ji Hajiya da wata ƙaramar murya da ba a san ta da ita ba. "Waccan mai jiƙa riga fa? A roƙe ta mana."

"An roƙa tun tuni, Hajiya. Mazajensu sun ce ba a haɗa musu zuri'a da wanda ba su sani ba. Ko yau wata ta yarda, sai an gwada jininta an jira sakamako, ba aikin yini ɗaya ba ne."

Matan barandar kowacce ta sami abin dubawa a wayarta.

"In ba a samu ba fa?" Sabrin ta tambaya.

"Sai a mayar da shi kan ƙarin ruwa zalla, ga jijiyoyinsa duk sun gaji da allura. Ko a gwada madara." Sista ta dubi Sabrin. "Kin dai ji abin da likita ya ce game da madara."

"Kira ta, Midhat," in ji Sabrin.

Ya riga ya danna. Suna jin ƙarar tana shiga har ta katse. Ya sake, aka kashe wayar gaba ɗaya. Ya dafe goshi.

"Akwai wani abu kuma."

"Faɗi. Yau ai ranar ji ce."

"Ranar da ɗanta ya rasu likitan mata ya ba ta ƙwayoyi biyu na busar da nono. Mijinta kullum faɗa yake yi mata ta sha ta huta, ya ce tana hana kanta mantawa. Tana ɗaure da su a bakin mayafinta. Ta ce mini ranar da ta ga ba a bukatarta, a ranar za ta sha."

Sabrin ba ta jira ƙarshen maganar ba.

"Sabrin, ɗinkinki. Bari ni in je."

"Kai ba ka yi mata komai ba. Ni na yi."

"'Yar nan, wata bai tsaya ba," Hajiya ta faɗa daga benci, amma ko ita ba ta sa wa maganar ƙarfi ba.

Lif ya tafi sama, Sabrin ta bi matakala. Kowane taki sai ta ji kamar ana jan zaren cikinta, ta dafe wurin da hannu ɗaya ta riƙe ƙarfe da ɗayan. Ta ratsa masu layin karɓar magani, ta ratsa masu zaune a ƙasa da ƙullin kayansu, silifas ɗaya ya fice ba ta tsaya ba. Rana ta dake ta a tsakar asibitin. Bakin ƙofa cike da masu sayar da shayi da direbobin ƙananan bas suna kiran ƙauyuka, baƙaƙen mayafai kuwa ko'ina, wanne za ta bi?

Sai ta hango ta. Jikin katanga, inda wani mai neman lada ya ajiye randunan ruwa da kofi ɗaure da sarƙa, Atiyat na tsaye ta juya baya. Kofin na hannunta, bakin mayafinta kuma a kwance.

"Atiyat."

Ta juyo a hankali. Ta dubi ƙafar Sabrin marar takalmi, ta dubi rigarta inda jini ya fara ɓullowa.

"Kin fama ɗinkinki."

"Ya faɗa mini. Yanzu ya faɗa mini komai, wallahi ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba."

"Ki yafe mana. Mama tsufa ne da tsoro, ba ta—"

"Ni Hajiya ba ta ɓata mini ba. Uwata ma da haka za ta yi." Muryarta a kwance take, ta gaji. "A ƙauyenmu tun da na binne shi babu mai jegon da ta bari na taka ƙofarta. Na saba. Nan kaɗai nake zuwa in ji ni ma mutum ce. In na tashi da asuba ina tatsa, sai in ce yau ma akwai wanda ke jirana."

"Yana jiranki. Da azahar zai ci, babu komai a firji."

"Na kira ki ƙanwata a gaban mutane."

Sabrin ta durƙusa a kan ƙasa mai zafi, ta kama gefen rigarta. Masu shayi suka bar zuba shayi.

"Na ji ki. Na ji ki sarai na yi shiru, don na ga naki ya cika nawa babu. Ki yi mini duk abin da kika ga dama, amma shi bai yi miki komai ba. Ɗanki ne, Atiyat, ya sha ya zama naki. Kada ki sha maganin nan."

Atiyat ta rufe ido, hawayen da ta hana zuba a sama suka gangaro. Hannunta na hagu a dunƙule yake tun ɗazu.

"Ki tashi, jini kike zubarwa."

"Ba zan tashi ba sai kin ba ni su. Biyu ne, ya faɗa mini. Ba ni in riƙe miki."

"Me ya hana ki saukowa da wuri, ƙanwata?"

Sabrin ta ɗago. Sai a lokacin ta lura kofin babu ruwa a ciki, leɓen Atiyat kuma a jiƙe.

Atiyat ta buɗe tafin hannunta.

Ƙwaya ɗaya ce ta rage a ciki.